Makaho, kurma da gurgu a ƙofar makarantarmu

  

Ya 'yan'uwa da ɗalibai, zan fara da laifina kafin in taɓa na kowa, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kusan shekara ashirin ke nan, wata baiwar Allah mai sayar da koko a nan unguwarmu ta riƙo hannun ɗanta ta kawo mini shi makaranta. Yaron bai wuce shekara bakwai ba. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kunne ya tafi. Ta ce, "Malam, ga shi nan, a sa shi cikin 'yan'uwansa, ko Fatiha ce ya samu." Na dubi yaron, na dubi yara fiye da sittin da ke gabana, na ce mata, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Karatun nan da kunne ake ɗaukarsa. Ki mai da shi gida, mu yi ta addu'a." Ta yi godiya, ta juya. Wallahi a ranar ban ji na yi wani abu ba. Gani nake ma gaskiya na faɗa mata.

Yaron nan yanzu magidanci ne, tela ne, kuma a bayana yake salla. Daga baya danginsa sun kai shi makarantar kurame, ya koyi maganar hannu, ya koyi rubutun Turanci. A azumin da ya wuce, bayan La'asar, ya miƙo mini 'yar takarda. Abin da ya rubuta shi ne yana so in gaya masa me mutane ke faɗa idan sun yi ruku'u. Shekaru yana sunkuyawa tare da mu, yana ɗagowa tare da mu, ba wanda ya taɓa gaya masa. Wannan takarda ita ce dalilin wannan rubutu.

Muhawarar da ake yi

Masana ilimi sun daɗe suna jayayya a kan tambaya ɗaya: yaro mai nakasa, a ware masa makaranta tasa daban, ko a haɗa shi aji ɗaya da sauran yara? A ƙasarmu Ghana, warewa aka fara yi. 'Yan mishan suka kafa makarantar makafi ta Akropong a kan dutsen Akuapem tun tsakiyar shekarun 1940, aka buɗe ta Wa a 1958. A 1957 wani baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster, shi kansa kurma ne, ya fara koyar da kurame a Osu, nan cikin Ankara, daga baya makarantar ta koma Mampong ta Akuapem. Akwai makarantar kurame a Adjei Kojo kusa da Ashaiman, akwai ta Savelugu a arewa. Ga kuma makarantar Dzorwulu ta yara masu jinkirin fahimta, wadda daga Maamobi ba wata tafiya ba ce.

Daga baya duniya ta sauya ra'ayi. A 1994 aka yi taro a Salamanca ta ƙasar Sifen, aka fitar da sanarwa cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro. Majalisarmu ta yi Dokar Masu Nakasa mai lamba 715 a shekarar 2006. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2012. Sannan a 2015 Ma'aikatar Ilimi ta fito da manufar karatun bai-ɗaya, wadda taƙaitaccen bayaninta shi ne: a gyara makarantun gama-gari su iya ɗaukar kowa, a horar da malamai, a riƙa gwada yara da wuri, su kuma makarantu na musamman su zama cibiyoyin da ke tallafa wa sauran.

Na zauna na karanta wannan manufa da idon malamin makaranta. Ra'ayina a kanta kashi uku ne: akwai inda ta yi daidai, akwai inda ta gaza, akwai kuma inda ta tona mana asiri mu da kanmu.

Inda ta yi daidai

Asalinta daidai ne, kuma bai kamata ya zama baƙo ga wanda ya yi karatun addini ba. Duk yaron da ya fara haddar izun Amma ya wuce ta Suratu Abasa. Malaman tafsiri sun gaya mana dalilin saukarta: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai ya juya ga barinsa. Allah ya saukar da gyara a kan haka, muna karanta shi a salla har gobe. Ku lura da kyau: mas'alar ta ɗalibi ce da malami. Makaho ya zo majalisin da kowa yake, ba a ce ya jira a gina masa nasa ba.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Wannan sahabi ya zama ladan tare da Bilal, kuma sau da dama idan Annabi zai fita yaƙi shi yake bar wa Madina ya ja mutane salla. A cikin ruwayar sahur an bayyana cewa ba ya kiran salla sai an gaya masa alfijir ya keto. To, a nan darasin yake. Ba a ce tunda ba ya ganin alfijir a karɓe ladanci daga hannunsa ba. An bar masa aikinsa, aka samo wanda zai zama masa ido. Duk abin da masana na yau ke rubuta littattafai a kai, wato a ba mutum matsayinsa sannan a cike masa gurbin da ya rasa, yana cikin wannan ƙissa.

A Suratun Nur, aya ta 61, masu tafsiri sun kawo cewa akwai masu ƙyamar cin abinci tare da makaho da gurgu da mara lafiya, su ma waɗannan suna jin nauyin zama da mutane, sai ayar ta ɗauke wannan ƙunci. A fiƙihunmu na Malikiyya limancin makaho ya halatta, ana karɓar shaidar makaho a kan abin da ya ji, da ta kurma a kan abin da ya gani, kuma ishara ta bebe idan ana fahimtarta tana ƙulla ciniki da aure. Malaman da suka rubuta waɗannan hukunce-hukunce sun ɗauka cewa waɗannan mutane suna cikin kasuwa, suna cikin kotu, suna cikin sahu.

Tarihin ilimi ma haka. Ata'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, baƙar fata ne, gurgu, mai shanyayyen hannu, a ƙarshen rayuwa kuma ya makance. Ƙatada mai tafsiri makaho aka haife shi. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 bayan hijira, wanda har yau duk mai son sanin ƙira'o'i bakwai sai ya bi ta kan littafinsa, makaho ne. Warshu da muka taso muna karantawa a allo, abokin karatunsa a wajen Nafi'u shi ne Ƙaluna, kuma masu tarihin ƙira'a sun ruwaito cewa ji ya yi masa nauyi ƙwarai, har ya zama leɓen mai karatu yake kallo ya gyara masa kuskure. Mutanen nan ba a ajiye su a bayan gida ba. A da'ira ɗaya suka zauna da kowa, har suka zama su ne masu da'irar.

Saboda haka idan gwamnati ta ce kada a kori yaro daga makaranta don nakasarsa, ni ba ni da ja. Dokar 2006 ma ta mai da hakan laifi, sai fa idan hukuma ce ta gwada yaron ta tabbatar makaranta ta musamman yake buƙata. Abin kunya ne a ce sai da doka ta zo ta tuna mana abin da ke cikin izun Amma.

Inda ta gaza

Amma takarda ba ta koyar da yaro. Wanda duk ya leƙa ajin makarantar gwamnati a Nima ko Maamobi ko Kotobabi ya san yawan yaran da ke gaban malami ɗaya. A ɗauko yarinya makauniya a zaunar da ita a bencin baya, babu littafin rubutun makafi, babu wanda ya iya karanta shi, malami yana rubutu a allo yana cewa ku kwafa. Sunanta yana cikin rajista, ita kuwa ba ta cikin karatun. Wannan ita ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Dokar 2006 ta ba da shekara 10 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2016. Kowa ya ɗaga kai ya ƙirga matakalan da ke unguwarsa. Kai, kafin yaro ya kai ƙofar makaranta ma, sai ya ƙetare gwata nawa a lungunanmu, a kan katako ɗaya mai rawa?

Gazawa ta biyu ita ce ɗaukar nakasa kamar abu ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Gurgu hanya yake buƙata da ban-ɗaki da zai iya shiga. Idan ya samu, shi da kowa ɗaya ne a karatu. Makaho kayan aiki yake buƙata da malamin da ya san ya faɗi abin da yake rubutawa. Makarantar sakandare ta Okuapemman a Akropong ta daɗe tana haɗa makafi da masu gani aji ɗaya, don haka abu ne mai yiwuwa. Amma kurma harshe yake buƙata. Yaron da aka haifa ba ya ji, ko ya rasa ji kafin ya iya magana, idan ka zaunar da shi cikin yara hamsin masu ji, babu mai magana da hannu ko ɗaya, ka jefa shi cikin kaɗaicin da ya fi na ɗaki. A makarantar kurame kuwa yana da abokan hira, yana faɗa, yana wasa, yana tambaya a ba shi amsa. Ita kanta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda da wannan, ta ce a koyar da kurame da harshen da ya dace da su. Don haka masu cewa a rufe makarantu na musamman gaba ɗaya, ban bi su ba. Telan da na ba ku labari, ba don makarantar kurame ba, da ko takardar nan ba zai iya rubuto mini ba.

Sai dai warewa ma tana da tsada, kuma mu muka fi biyan ta. Yawancin makarantun nan na kwana ne. Yaro ya bar gida yana shekara shida ko bakwai, ya dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta iya ba. Ya rasa makarantar yamma, ya rasa ta Asabar da Lahadi, ya rasa tafsirin azumi. Da yake 'yan mishan ne suka kafa na farkon, iyayenmu da yawa sun ji tsoro suka riƙe 'ya'yansu a gida. Tsoron yana da dalili a zamaninsa. To amma da suka riƙe su, me aka ba su a madadin? Mun gina makarantar kurame ko ɗaya a zango? Ban ɗora wa waɗancan makarantu laifin komai ba. Sun koya wa 'ya'yanmu rubutu da sana'a a lokacin da muka ce ba mu iya ba. Koyar da alwala ba aikinsu ba ne, namu ne.

Gazawa ta uku: manufar tana magana a kan makarantun da hukuma ta sani. Tun 1987 akwai Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, kuma makarantun da ke ƙarƙashinsa dokar ta hau kansu kamar kowa. Amma makarantar zaure, da ta cikin masallaci, da ta ƙarshen mako, inda yawancin yaranmu ke koyon addini, babu jami'in da zai zo ya duba su. Idan ba mu duba kanmu ba, ba mai dubawa sai ranar hisabi.

Inda ta tona mana asiri

Masu muhawara suna cewa a ware ko a haɗa. Mu a zango akwai hanya ta uku da muka fi bi, wadda ba ta da suna a takardun gwamnati: a bar yaro a gida. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Ghana masu shekara 5 zuwa sama suna da wata matsala ta gani, ko ji, ko tafiya, ko tunani da makamantansu, mutum sama da miliyan 2. Kowane malami ya buɗe rajistarsa ya ƙirga. Idan makarantarka tana da yara ɗari biyu, ba makaho, ba kurma, ba mai keke, kada ka ce Allah ya kare unguwarku. Suna nan, a cikin ɗaki suke.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na yi tunani shi ne, makarantar allo ta iyayenmu ta fi Islamiyyarmu ta zamani karɓar makaho. A makarantar allo kowa da inda yake. Wannan yana Tabbat, wancan yana Yasin, malam ya biya wa kowa nasa, ba wanda ake cewa ya faɗi jarrabawa a bar shi a baya. Makaho yana zama kusa da mai allo, ya ji, ya maimaita, sau da yawa ma ya riga masu ido haddacewa. Da muka kawo benci da baƙin allo da jarrabawar rubutu da na ɗaya da na ƙarshe, mun sami tsari, alhamdu lillahi, amma mun rufe wata ƙofa ba mu lura ba. Ba ina cewa a koma zaure ba ne. Ina cewa abin nan da masana ke kira koyar da kowane yaro gwargwadon tafiyarsa, gadonmu ne, mu muka yar da shi.

Kada kuma mu yi wa jiya kwalliya. Makarantar allo ba ta san yadda za ta yi da kurma ba. Kuma al'adarmu ta Hausa ta daɗe da tata irin warewar: unguwar makafi daban, Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare. Tsarin ya ba su shugabanci da mai tsaya musu, gaskiya ne, amma ya ɗaure su da sana'a ɗaya, bara. Har yau idan an ce makaho, abin da ke zuwa zuciyar yaro shi ne mutum a bakin titi da ɗan jagora. Ɗan jagoran nan kuma, yaro ne mai ido lafiyayye, shi ma karatunsa ya tafi. Nakasa ɗaya ta cinye ilimin mutum biyu. Masu tarihi sun rubuta cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali, ya yanka wa kutare abin da zai ishe su don kada su roƙi mutane. Mu kuwa mun mai da su wurin ajiye sadakar Juma'a. Muna son ladan ba su sidi biyu, ba ma son wahalar koya musu Ahalari.

Sai kuma abin da ya fi duka ciwo, yaran da ke da jinkirin fahimta, ko galahanga, ko farfaɗiya. Maƙwabtanmu suna ce wa irin wannan yaro nsuoba, mu mu ce ɗan ruwa, wai ba mutum ba ne, musanya aka yi. Wannan magana ba ta da asali a addini, kuma duk malamin da ya karɓi kuɗin uwa a kan zai mai da ɗanta ga aljanu ya ci haram, ya kuma zalunci rai. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ake sha wa magani a asibiti. Matar nan da ke farfaɗiya a zamanin Annabi, wadda Ibn Abbas ya nuna wa ɗalibinsa a matsayin 'yar Aljanna, a cikin jama'a take, ba a ɗaure a ɗaki ba. Kuma ɗalibin da aka nuna wa ita shi ne Ata'un da na ambata.

Wani zai ce, "Malam, ai wanda ba shi da cikakken hankali an ɗauke masa alƙalami, me zai yi da makaranta?" An ɗauke masa hisabi, ba a ɗauke mana haƙƙinsa ba. Yaron da ba zai haddace izu ba yana iya koyon sallama, da tsarki, da bisimilla kafin cin abinci, da sanin wanda ya halatta ya taɓa jikinsa da wanda bai halatta ba. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau, iyaye. Yarinyar da aka bari ita kaɗai a gidan haya kowa ya tafi kasuwa, ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ba, ita ce mugu ya fi nema. Zamanta a makaranta cikin idon mutane kariya ce.

Akwai kuma waɗanda suke cikin ajinmu yanzu haka ba mu san da su ba. Yaron da kullum yake kwafar rubutu ba daidai ba, wataƙila allon ne ba ya gani. Wanda ake kira sau uku bai amsa ba, wataƙila kunne ne, ba taurin kai ba. Mu kuwa maganinmu ɗaya, bulala, da sunan daƙiƙi. Bulala nawa muka sauke a kan yaron da tabarau kawai yake buƙata? Ni dai na san na yi, Allah ya yafe mini.

Uzurin da muke kawowa

Na san amsar da ke bakin 'yan'uwana malamai, don ni ma da ita na sallami mai koko: ba mu da kuɗi, ba mu da horo, malami ɗaya yara tamanin, albashin ma sai an ga dama. Duk gaskiya ne. Amma mu dubi inda kuɗinmu ke tafiya. Masallaci nawa aka ɗora wa bene a unguwannin nan cikin shekarun nan? Tayil nawa, fanka nawa, lasifika nawa? Ba mu taɓa cewa babu kuɗin lasifika ba, saboda mun yarda dole mai ji ya ji. Buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangara a ƙofa. Abin da ake kashewa a walimar sauka ɗaya ya isa a tura matashi ya koyi maganar hannu. Talauci yana nan, amma ba shi ya hana ba. Ba mu sa su a lissafi ba ne tun farko.

Kuma kada mu ɗauka ƙyamar nan ta jahilai ce kawai. A 2013, da aka naɗa Dokta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ministan harkokin sarauta, wasu sarakuna sun fito fili sun ce al'adarsu ba ta yarda su yi hulɗa da makaho ba. Mutumin da ya yi karatu har ya kai wannan matsayi ke nan. Mu da muke da Suratu Abasa, kamata ya yi mu zama na gaba wajen nuna wa ƙasa akasin haka, a makarantunmu kafin a bakinmu.

Abin da nake ba da shawara

Hukuncina a taƙaice shi ne: asali a haɗa, warewa kuma lalura ce, a ɗauke ta gwargwadon buƙata, kamar yadda taimama ba ta kore alwala. Yaron da zai iya karatu da 'yan'uwansa idan an gyara masa hanya, haramun ne a ganina mu kore shi don sauƙin kanmu. Wanda maslaharsa take makaranta ta musamman, a kai shi, amma kada a sallama shi. A da can, Azhar ta keɓe wa ɗalibai makafi zawiyarsu, amma a jikin Azhar ɗin aka yi ta, ba a bayan gari ba.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu ta duba a zamanta na gaba.

Na ɗaya, a ƙirga. Iyayenmu mata masu wa'azi da masu zuwa suna da biki sun san kowane gida. Su taimaka mana, cikin sirri da mutunci, mu san yara nawa ne ke zaune a ɗaki.

Na biyu, duk yaron da ake shakka a kansa a kai shi a gwada ido da kunne. Asibitin Maamobi yana kusa, kuma akwai cibiyar gwamnati ta gwada irin waɗannan yara a Achimota. A majalisun ƙananan hukumomi akwai kason da aka ware wa masu nakasa daga asusun bai-ɗaya. Haƙƙinsu ne, a raka iyaye su nema.

Na uku, a zaɓi matasa biyu, namiji da mace, a biya musu su koyi maganar hannu ta Ghana, kuma kurame su koya musu, da lada da kuɗi. Akwai ƙungiyar kurame ta ƙasa, akwai ta makafi, a je a yi musu sallama. A ƙauyen Adamorobe kusa da Aburi, inda kurame suka yi yawa tun kakanni, masu ji ma sun iya maganar hannun garin. Abin da ƙauye ya iya bai fi ƙarfin zango ba. Idan an samu, mai fassara ya tsaya gefen mumbari ranar Juma'a.

Na huɗu, a buɗe ajin hutu domin yaranmu da ke makarantun kwana na kurame da makafi: tsarki, salla, azumi, tauhidi. A nemo Alƙur'ani na rubutun makafi, ana buga shi, kuma mahajjatanmu suna iya tambaya. Wanda ba ya iya rubutu a yi masa jarrabawa da baki.

Na biyar, a gyara ƙofa da wurin alwala da ban-ɗaki, a saukar da aji ɗaya ƙasa idan makarantar bene ce.

Ku kuma ɗalibai, naku ya fi sauƙi kuma ya fi nauyi. Ku bar kiran mutum da nakasarsa don dariya. Malaman hadisi sun ce A'amash, sun ce A'araj, don a gane mai ruwaya ne, kuma da girmamawa suke faɗa. Idan an kawo irin wannan yaro ajinku, ka matsa masa a benci, ka biya masa karatu, ka riƙa masa jaka. Wanda ya gaya wa ɗan Ummi Maktum alfijir ya keto, ba mu san sunansa ba, amma duk wanda ya yi azumi da wannan kiran salla, yana da rabo a ciki.

Shi kuwa telan, na amsa masa takardarsa. Na rubuta masa tasbihin ruku'u da haruffan boko, na rubuta ma'anarsa da ɗan Turancin da nake da shi. Yanzu duk Alhamis bayan La'asar muna zama, ni da shi da biro da takarda. Mun gama ruku'u da sujada, muna kan tahiya. Shi kuma yana koya mini hannu, yana dariyar yatsuna da suka yi tauri. Mahaifiyarsa ta rasu shekaru da suka wuce, ban sami neman gafararta ba. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ta a addu'a, ya sa ni.

Allah ya gafarta mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya ba masu lalura cikinmu lafiya da haƙuri da ilimi mai amfani, ya saka wa iyayensu da alheri, ya sa makarantunmu su zama masu buɗaɗɗiyar ƙofa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.